Niyodimiyam da Maganaɗisun Zamani: Tarihin Ganowa, Rarrabewa da Mallaka

1.0 Gabatarwa

Kalmar maganaɗisu tana cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, kuma harafin ɗ da ke cikinta shi ne shaidar hanyar da ta biyo, domin shi ne yakan maye gurbin ɗa'un na Larabci, kamar yadda ake gani a ɗalibi da ɗabi'a da sharaɗi. Su kuma Larabawa daga Girkanci suka samo ta, inda ake danganta ta da Magnisiya, sunan wani yanki da aka sani da baƙin dutse mai fizgar ƙarfe. Bahaushe yana da nasa sunan, watau mayen ƙarfe, saboda yadda abin yake kama ƙarfe tun daga nesa, kamar yadda aka ce maye yana kama kurwa.

Sunan bai sake ba, amma abin da ake kira da shi ya sake ƙwarai tun daga shekarar 1982. Maganaɗisun da ke cikin wayar hannu da motar lantarki ba dutse ba ne, ba kuma baƙin ƙarfe zalla ba. Haɗi ne na abubuwa uku, kuma sirrin ƙarfinsa yana ga wani ƙarfe da ake kira niyodimiyam.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wannan ƙarfe, tun daga gano shi a ƙarni na 19 har zuwa lokacin da ya zama abin jayayya tsakanin manyan ƙasashe. Za a nuna cewa, a kowane mataki na tarihin, riba da iko ba su taɓa zama a hannun mai ma'adinin ba. Suna hannun wanda ya san yadda ake rarrabe shi daga 'yan uwansa da yadda ake sarrafa shi.

2.0 Ƙasa Mai Wuyar Samu

A shekarar 1787 wani hafsan soja ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Axel Arrhenius ya tsinci wani baƙin dutse mai nauyi a wata mahaƙa da ke ƙauyen Ytterby, kusa da birnin Istokholm. A 1794 Johan Gadolin, malamin kimiyyar sinadarai a ƙasar Finlan, ya bincika dutsen, ya sami wata irin "ƙasa" da ba a san ta ba. A bakin masanan wancan zamani, "ƙasa" tana nufin garin da ba ya narkewa a ruwa, ba ya kuma sakewa a wuta, watau abin da daga baya aka gane cewa ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin. Da yake a wurare kaɗan aka san irin waɗannan duwatsu, sai aka laƙaba musu suna "ƙasa mai wuyar samu", sunan da ya bi su har yau.

A 1803 Berzelius da Hisinger a Suwidin, da kuma Klaproth a Jamus, suka fitar da wata ƙasar daga dutsen mahaƙar Bastnäs, aka sa wa ƙarfenta suna siriyam. An ɗauka abu ɗaya ne, sai Carl Gustaf Mosander, almajirin Berzelius, ya nuna a 1839 cewa akwai wani sinadari ɓoye a cikinsa, ya kira shi lantanam, daga kalmar Girkanci mai nufin ɓuya. Bayan shekara biyu ya sake fitar da wani daga cikin lantanam ɗin, ya kira shi didimiyam, watau tagwai, saboda tsananin kamarsa da ɗan uwansa. Fiye da shekara arba'in masana suna ɗaukar didimiyam a matsayin sinadari guda, har Mendeleev ya ba shi gurbi da alamar Di a jadawalinsa na 1869.

A yau an san cewa sinadaran wannan gida 17 ne: 15 masu lamba 57 zuwa 71 a jadawalin sinadarai, da wasu biyu, iskandiyam da itiriyam. An kuma san cewa sunan da aka ba su kuskure ne. A kowane tan ɗaya na ɓawon duniya akwai wajen giram 30 zuwa 40 na niyodimiyam, watau ya fi darma da kuza yawa, ya kuma ninka zinariya sau dubbai. Wuyarsu iri biyu ce. Ta farko, ba kasafai suke taruwa wuri ɗaya da yawan da za a haƙa a ci riba ba. Ta biyu, kullum a cuɗe suke da juna, kuma halayensu sun yi kama matuƙa, saboda bambancin da ke tsakaninsu yana can cikin ƙwayar zarra, ba a fatarta ta waje da sauran sinadarai ke mu'amala da ita ba. Ruwan asid da ya narkar da ɗaya, zai narkar da sauran.

3.0 Raba Tagwaye

Abin da ya fara tona asirin didimiyam shi ne na'urar rarraba haske da Bunsen da Kirchhoff suka ƙera a Heidelberg wajen 1859, wadda take nuna cewa kowane sinadari yana da nasa layukan haske, kamar zanen yatsa. Masana suka lura cewa layukan didimiyam suna bambanta bisa ga dutsen da aka samo shi. A 1879 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya ciro samariyam daga didimiyam ɗin da aka samu a wani dutse.

Wanda ya kammala aikin shi ne Carl Auer von Welsbach, ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya yi karatu a gaban Bunsen. A 1885, yana da shekara 27 ko ƙasa da haka kaɗan, ya raba didimiyam gida biyu a birnin Biyana. Hanyarsa ta haƙuri ce: a narkar da gishirin sinadarin, a bar wani sashe ya daskare, a tsame, a sake narkarwa, a yi ta maimaitawa, domin ɗaya daga cikin biyun ya ɗan fi ɗayan saurin daskarewa. A ƙarshe ya sami gishiri kore da wani mai launin ja-ja. Na farko ya kira shi firasiyodimiyam, watau koren tagwai, na biyu kuma niyodimiyam, watau sabon tagwai. Za a fahimci wahalar wannan hanya idan aka tuna cewa a 1911 Charles James, a Amurka, sai da ya maimaita daskarwa sau 15,000 kafin ya tace wani sinadarin wannan gida mai suna tuliyam.

Welsbach bai tsaya a ɗakin bincike ba. Shi ne ya ƙirƙiro 'yar ragar nan da ake ɗaura wa fitilar gas da fitila mai buga iska, wadda take fitar da farin haske idan ta yi zafi. Wadda ya inganta a 1891 kashi 99 cikin ɗari toriyam ce, kashi 1 siriyam. Ana samun toriyam daga wani yashi mai nauyi da ake kira monazayit, wanda aka riƙa kwasowa daga gaɓar Barazil, daga baya kuma daga Travancore a kudancin Indiya. Da aka cire toriyam, sauran sinadaran sai suka zama tarin shara a bayan masana'anta. A 1903 Welsbach ya haɗa wannan shara da baƙin ƙarfe, ya sami ƙanƙarar ƙyastun zamani. Ke nan niyodimiyam ya fara shiga aljihun mutane ne a ɓoye cikin ƙyastu. Tun a wannan mataki tsarin ya bayyana: Barazil da Indiya suna sayar da yashi, Turai tana sayar da fitila.

4.0 Siffofin Ƙarfen da Amfaninsa na Farko

Niyodimiyam yana da lamba 60 a jadawalin sinadarai, kuma alamarsa Nd. Sai a 1925 aka fara samun sa a matsayin ƙarfe mai ɗan tsabta. Fari ne kamar azurfa, yana da taushi, nauyinsa ya ninka na ruwa sau bakwai, watau baƙin ƙarfe ya ɗan fi shi nauyi, kuma yana narkewa a wajen digiri 1,020 na ma'aunin santigiredi. Idan aka bar shi a sarari, nan da nan yake dishewa, tsatsarsa kuma tana ɓarewa ta bar sabuwar fata ga iska, don haka a cikin mai ko rufaffiyar kwalba ake ajiye shi.

Amfaninsa na farko a launi ne. A 1927 masana'antar gilashi ta Moser, a ƙasar Cekoslobakiya ta lokacin, ta fara yin gilashi da shi, wanda yake shunayya a hasken rana, ya koma shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin wasu fitilu. Dalili kuwa shi ne sinadarin yana shanye rawayan haske. Saboda wannan hali ne maƙeran gilashi suke sa tabarau mai didimiyam, domin ya tare musu rawayan harshen wuta.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauƙaƙa rarrabewa. A cikin aikin ƙera bam ɗin nukiliya na Amurka, Frank Spedding da abokan aikinsa a Ames, jihar Iowa, suka samo hanyar tace waɗannan sinadarai ta bututu mai cike da ƙwayoyin ƙaro, inda kowane sinadari yake fita a lokacinsa. Daga baya aka koma ga amfani da ruwa biyu da ba sa haɗuwa, ana kaɗa su a jerin tankuna masu yawa. Da aka sami tataccen niyodimiyam, sai aka yi amfani da shi a na'urar hasken leza: a gilashi a 1961, sa'an nan a dutsen da ake kira YAG a ɗakin binciken Bell a 1964. Likitocin ido da masu yankan ƙarfe suna aiki da irin wannan leza. A Kalifoniya kuma, da leza 192 masu gilashin niyodimiyam ne masana suka sami nasarar haɗa ƙwayoyin zarra a watan Disamba 2022, har makamashin da ya fito ya fi na hasken da aka auna musu.

Abin mamaki shi ne, shi kaɗai niyodimiyam ba maganaɗisu ba ne. A zafin ɗaki ba ya kama ko allura. Sai an sanyaya shi ƙasa da digiri 250 a ƙarƙashin sifiri kafin ƙwayoyinsa su fara jeruwa, kuma ko a nan suna jeruwa ne suna saɓa wa juna.

5.0 Maganaɗisu Kafin 1982

Kowace ƙwayar baƙin ƙarfe ƙaramin maganaɗisu ce. Idan ƙwayoyin suka fuskanci gefe ɗaya, ƙarfinsu sai ya taru ya bayyana. Maganaɗisu mai ɗorewa yana bukatar abu biyu: yawan ƙarfi, da kuma taurin kai, watau ƙin juyawa bayan an daidaita shi. Baƙin ƙarfe yana da na farko a yalwace, amma ba shi da na biyu, shi ya sa ƙusar da aka goga wa maganaɗisu take saurin mantawa. Tarihin wannan fanni duka neman taurin kai ne.

Sinawa sun bayyana allurar kamfas a rubuce tun ƙarni na 11, William Gilbert kuma ya nuna a Ingila a shekarar 1600 cewa duniya kanta maganaɗisu ce. Amma har ƙarshen ƙarni na 19 ba a wuce tauraren ƙarfe ba. A 1917 Honda Kotaro na Japan ya haɗa ƙarfe da kobal, a 1931 kuma Mishima Tokushichi ya haɗa shi da nikel da alminiyam, wanda ya zama tushen nau'in da ake kira alniko. A farkon shekarun 1950 kamfanin Philips na Holan ya fito da farayit, baƙin maganaɗisun nan mai arha da ake gani a bayan lasifikar rediyo.

Masana suna auna ingancin maganaɗisu da ma'aunin MGOe. Ƙarfen Honda bai wuce 1 ba, farayit yana wajen 4, alniko kuwa daga 5 zuwa 10. A 1966 Karl Strnat, yana aiki a ɗakin binciken sojan saman Amurka a Ohio, ya gano cewa haɗin kobal da sinadaran ƙasa mai wuyar samu yana da taurin kai da ba a taɓa gani ba. Daga nan aka sami maganaɗisun samariyam da kobal, wanda ya kai 20, daga baya ya doshi 30. Aibinsa tsada: samariyam ba shi da yawa, kobal kuma wajen rabin na duniya daga ƙasa ɗaya yake fitowa, watau Zayar, wadda ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a yau.

6.0 Daga Kolwezi Zuwa Pittsburgh

A watan Mayu 1978 'yan tawaye suka ƙetaro daga Angola suka kama Kolwezi, cibiyar ma'adinan lardin Shaba, har sai da sojojin laima na Faransa da na Beljiyam suka sauka. Cikin shekara guda farashin kobal ya yi ninki uku da ɗoriya. Masana'antu a Amurka da Japan suka ga hatsarin dogara ga ƙasa ɗaya, suka dage wajen neman maganaɗisun da ba ya bukatar kobal.

Hanya a fili take: a sa baƙin ƙarfe a madadin kobal, a sa niyodimiyam a madadin samariyam, tun da duka biyun sun fi yawa da arha. Amma haɗin waɗannan biyu yana rasa ƙarfinsa tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba. A farkon 1978 wani matashin mai bincike a kamfanin Fujitsu, Masato Sagawa, ya ji wani masani yana bayani a taro cewa dalilin haka shi ne ƙwayoyin ƙarfen sun matsu da juna. Sai ya yi tunanin cusa ƙananan ƙwayoyi, irin na boron ko gawayi, a tsakaninsu domin su buɗa. Kamfaninsa bai ba abin muhimmanci ba. A 1982 ya koma Sumitomo Special Metals, kuma cikin 'yan watanni ya sami abin da yake nema. A daidai wannan lokaci John Croat da abokan aikinsa a kamfanin General Motors, masu neman ƙananan injinan lantarki marasa nauyi domin motoci, suka kai ga wannan haɗi ta wata hanyar. A watan Nuwamba 1983 ɓangarorin biyu suka gabatar da sakamakonsu a taro ɗaya a birnin Pittsburgh.

Abin da aka samu sabon gini ne na ƙwayoyi: niyodimiyam 2, baƙin ƙarfe 14, boron 1. Kamar duwatsun murhu ne, in babu ɗaya tukunya ba ta zama. Baƙin ƙarfe shi ne mai bayar da ƙarfi. Niyodimiyam shi ne mai taurin kai, domin gajimaren lantarkin da ke cikin ƙwayarsa ba dunƙulalle ba ne, saboda haka yana kafewa a fuska ɗaya cikin ginin, ya riƙe na ƙarfen tare da shi. Boron kuwa, duk da cewa bai wuce kashi 1 cikin ɗari na nauyi ba, shi ne ya sa ginin yake tsayuwa. Niyodimiyam yana ɗaukar wajen kashi 30, sauran baƙin ƙarfe ne.

Hanyar Sagawa ita ce a niƙa haɗin ya zama gari mai laushi, a daidaita ƙwayoyin a gaban wani maganaɗisu mai ƙarfi, a danne, sa'an nan a gasa. Ta Croat kuwa ita ce a fesa narkakken haɗin a kan faifai mai juyawa da sauri, ya daskare nan take, a niƙa, a kwaɓa da ƙaro. Ta farko ta fi ƙarfi, ta biyu ta fi sauƙin siffantawa. Na farkon da Sagawa ya yi ya kai wajen 35 a ma'aunin MGOe, waɗanda aka yi daga baya sun wuce 50, iyakar da lissafi ya nuna kuwa 64 ce.

Yana da aibi biyu. Yana tsatsa, shi ya sa ake lulluɓe shi da nikel. Sa'an nan ba ya jure zafi: ƙarfinsa yana gushewa ɗungurungum a wajen digiri 312, kuma nau'in gama-gari yana fara raunana tun daga digiri 80. Maganin wannan shi ne a ƙara masa disfirosiyam ko tarbiyam, 'yan uwansa biyu da suka fi shi ƙaranci da tsada nesa ba kusa ba.

7.0 Inda Ake Amfani da Shi

Babban abin da wannan maganaɗisu ya kawo shi ne ƙanƙanta. Aikin da babban dunƙulen farayit yake yi, ɗan ƙarami na niyodimiyam zai yi shi. Kasuwarsa ta farko mai girma ita ce faifan ajiyar kwamfuta, inda yake motsa hannun da ke karanta bayanai. Daga nan ya shiga abin sauraro na kunne, da lasifikar wayar hannu da abin da ke sa ta girgiza, da na'urar huda bango mai batir, da na'urar sanyaya ɗaki, da wasu na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti.

A 1997 kamfanin Toyota ya fito da motar Prius, mai aiki da fetur da lantarki, kuma injinta na lantarki da shi aka yi. Motar lantarki ɗaya takan ɗauki kilo ɗaya zuwa biyu na wannan maganaɗisu. Manyan fankokin samar da lantarki daga iska, nau'in da ba shi da giya, sukan ɗauki wajen kilo 600 a kowane megawat. Haka kuma yana cikin jiragen yaƙi da makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi, kuma wannan ne ya fitar da shi daga harkar 'yan kasuwa ya kai shi teburin ministocin tsaro. Ƙarfinsa yana da hatsari a gida ma: idan yaro ya haɗiye ƙanana guda biyu, sukan kama juna ta bangon hanji har su huda shi.

8.0 Yadda Mallaka Ta Koma Ƙasar Sin

Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa na 1980, mahaƙar Mountain Pass ta Kalifoniya, wadda aka gano a 1949, ita ce ke kan gaba a duniya. A can gabas kuwa, a yankin Mongoliya ta Gida, akwai Bayan Obo, wadda Ding Daoheng ya gano a 1927 a matsayin mahaƙar baƙin ƙarfe, daga baya aka gane cewa ita ce taska mafi girma ta waɗannan sinadarai. Shekaru da dama Sin tana sayar da ɗanyen ma'adini da arha, tana sayen tatacce da tsada. A 1972 aka ɗora wa Xu Guangxian, malami a Jami'ar Peking, aikin raba firasiyodimiyam da niyodimiyam, tagwayen nan na Welsbach. Ya tsara lissafin da ake jera tankunan tacewa da shi, ba tare da doguwar gwaji ba, aka kuma koyar da hanyar a masana'antun ƙasar. A kudu, a lardin Jiangxi, aka gano wani yumɓu mai ɗauke da disfirosiyam da tarbiyam. Ana danganta wa Deng Xiaoping cewa a 1992 ya kwatanta matsayin waɗannan sinadarai a Sin da na man fetur a Gabas ta Tsakiya.

Amurka kuwa sakin hannu ta yi. General Motors ya kafa kamfanin Magnequench a 1986, ya sayar da shi a 1995 ga wasu masu jari da suka haɗa da kamfanonin Sin guda biyu, kuma zuwa farkon shekarun 2000 an rufe masana'antunsa na jihar Indiana. A 2002 aka dakatar da haƙa a Mountain Pass, bayan yoyon gurɓataccen ruwa da faɗuwar farashi. Arhar kayan Sin tana da wanda ya biya ta. Ma'adinin yana tafe da toriyam mai fitar da tururin nukiliya, tacewa kuma tana cin asid mai yawa. Kusa da birnin Baotou akwai tafkin sharar masana'antu mai faɗin wajen murabba'in kilomita 10, wanda ya lalata gonaki da rijiyoyin ƙauyukan da ke kewaye.

A 2010, lokacin da Sin take fitar da wajen kashi 97 cikin ɗari na waɗannan sinadarai, ta rage adadin da ake fitarwa waje da kusan kashi 40. A watan Satumba kuma, bayan rikici da Japan a kan wasu tsibirai, kayan suka daina isa Japan na wasu makonni. Zuwa tsakiyar 2011 farashin niyodimiyam a kasuwar waje ya yi kusan ninki goma. Amurka da Tarayyar Turai da Japan suka kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2012, suka yi nasara a 2014, Sin ta janye ƙayyadewar a 2015. Japan ta zuba kuɗi a kamfanin Lynas, mai haƙa a Ostareliya yana tacewa a Maleshiya, aka kuma farfaɗo da Mountain Pass a ƙarƙashin sababbin masu ita daga 2017. Amma shekaru da dama wannan mahaƙa zuwa Sin ta riƙa aika ma'adininta a tace.

A 2024 kason Sin a haƙa ya sauko zuwa wajen kashi 70, amma a tacewa da ƙera maganaɗisu yana wajen kashi 90. A Disamba 2023 ta hana fitar da fasahar tacewa da ta ƙera maganaɗisu. A Afrilu 2025 ta wajabta neman izini kafin fitar da sinadarai bakwai, ciki har da disfirosiyam da tarbiyam, da maganaɗisun da ke ɗauke da su, har wasu masana'antun motoci a Amurka da Turai da Japan suka tsayar da aiki na ɗan lokaci. A Yuli na shekarar ma'aikatar tsaron Amurka ta zuba dala miliyan 400 a kamfanin da ke riƙe da Mountain Pass.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa maganaɗisun da aka nema domin a kuɓuta daga dogara ga kobal ɗin Zayar ya ƙare da dogara ga wata ƙasar. Sai dai akwai bambanci tsakanin dogarar biyu. Zayar dutse take da shi, kuma da farashinsa ya tashi sai aka nemi abin da zai maye gurbinsa. Sin kuwa ta haɗa dutse da masana'antar tacewa da ƙwararrun ma'aikata da masu sayen maganaɗisun a cikin gida, kuma waɗannan ba a gina su a shekara ɗaya ko biyu. Suwidin ce ta gano dutsen, Ostiriya ta raba tagwayen, Japan da Amurka suka ƙirƙiro maganaɗisun, amma wanda ya jure wahalar tacewa shi ya riƙe kasuwa.

Wannan tarihi yana da kunne a ƙasashen da ke da ma'adini. A tsaunukan Jos, inda aka daɗe ana haƙar kuza, kuma inda Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da kolumbayit a shekarun 1950, akwai monazayit a cikin yashin da masu wankin kuza suka bari, irin wanda aka kwasa daga Barazil da Travancore, tare da toriyam ɗinsa da hatsarinsa. Abin da ya sami Barazil a zamanin Welsbach, da abin da Sin ta yi bayan 1972, hanyoyi biyu ne da tarihi ya riga ya nuna ƙarshen kowacce. Ƙasar da ta tsaya a sayar da yashi za ta ci gaba da sayen abin da aka yi da shi a farashin da wani ya yanka, sharar wankin kuma tana nan a gonakinta.